Ramukan Malam Mani

Ranar da Talatu ta fita takaba, ko kunun safe ba ta gama sha ba Tabita ta faɗo gidan, ta ce ta ɗauko mayafi su je ta ga ginin.

"Wata huɗu da kwana goma kina zaune kamar kaza bisa ƙwai," in ji Tabita. "Tashi. Duk garin Mairuwa an gani, ke kaɗai kika rage, ke da mijinki ya gina."

Tabita ƙawarta ce tun suna 'yan mata suna haɗuwa a bakin rijiya. Ita Kirista ce, gidansu na can gefen gari, amma babu suna ko biki ko rasuwa da ɗaya za ta yi ɗaya ba ta zo ta kama aiki ba. Ita ce mace ɗaya da ke iya yi wa Talatu tsiya a rana irin wannan, Talatu kuma ta yi dariya.

Ginin da ake magana zauren ƙungiyar mata manoma ne, inda za su riƙa ajiye iri, su kuma riƙa koyon karatu da rana. Wata ƙungiya ce daga birni ta ba da kayan aiki, da sharaɗi ɗaya: ginin ya yi sanyi da kansa, ba janareto, ba fanka. In ya cika sharaɗin, a ba shi takardar shaida, a kafa ɗan allon ƙarfe a bango da sunan wanda ya gina. Mutanen kwamitin ginin sun so bulo da kwano, don a ce su ma sun waye. Malam Mani, mijin Talatu, wanda ya shekara arba'in da wani abu yana ginin ƙasa, ya ce musu kwano a bazara tanda ce, in waina suke son toyawa su faɗa. Da haka ya ci su. Ya ɗora tubali bisa tubali, bango mai kaurin kamu biyu, ya je har ƙasar Sabuwa ya zaɓo azara da idonsa, ya ɗaura rufin soro mai bakan gizo. Rufin na gamuwa, ciwon ƙirji ya kama shi cikin sanyin Disamba. Kwana shida ya yi. Abin da ya rage, yaɓe da makuba, Rabo ne ya ƙarasa, magidancin da Malam Mani ya koya wa gini tun yana saurayi.

Da suka iso, Talatu ta tsaya daga nesa tana kallon ginin. Bangon sumul, ja jawur, kamar an shafa masa mai. Ta shiga ta ɗaga kai. Ga bakan nan guda biyu sun haɗu a tsakiya, kuma a gindin na gabas akwai shatar yatsu huɗu a cikin ƙasa, inda Malam ya dafa. Ta san yatsun. Ɗan ƙaramin a karkace yake, tun da azara ta taɓa faɗo masa.

"In kuka za ki yi, ki yi waje," Tabita ta ce, ita ma tana share ido da gefen zane. "Kar ki jiƙa mana daɓe, mu muka sha wuyarsa."

Kwana biyu bayan nan mai awo ta zo daga Katsina. Sunanta Injiniya Amatullah, 'yar siririya, da hular kwano bisa hijabi. Alhaji Yahuza, shugaban kwamiti, mutum ne da ba ya yarda a ce baƙo ya zo garinsu bai ga karamci ba. Ya sa aka shimfiɗa tabarmi a cikin zauren, aka jera kulolin shinkafa da miya suna tururi, mata suka hura garwashi a kasko biyu suka zuba turaren wuta. Mutum ya fi sittin a ciki, kowa na fifita da abin da ya samu.

Injiniya ta gaisa da kowa, ta fito da wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana, ta duba, ta sake dubawa, sai ta rufe baki tana dariya.

"Alhaji, ɗaki na zo aunawa, kun ba ni gidan burodi. Yanzu haka cikin nan ya fi waje zafi."

"To ai girmamawa ce," in ji Alhaji Yahuza.

"Na gode ƙwarai. Amma a girmama ni ƙarƙashin darbejiya."

Aka kwashi kuloli da kasake aka koma inuwa. Nan ta yi bayani dalla-dalla. Na'ura biyu ce, ɗaya za ta rataye a ciki, ɗaya a waje cikin inuwa. Kwana uku za su yi suna rubuta zafi da kansu, kuma abin da ake dubawa shi ne tsakanin azahar da la'asar, lokacin da rana ta fi baƙin hali. Kar a yi taro a ciki, kar a kunna komai.

"Sai dai akwai abin da ya kamata ku sani," ta ce. "Lokacin da aka fara ginin nan, doka ta ce ciki ya fi waje sanyi da digiri huɗu. Bana an tsaurara. Shida ake nema."

Talatu ba ta san mene ne digiri ba, amma ta san shida ta fi huɗu.

"Ɗiyata," ta ce, "mutum ya yi aikinsa ya tafi, sannan a canza masa sharaɗi? Wa zai je ya faɗa masa?"

Injiniya ta sunkuyar da kai. "Inna, ba ni na canza ba. Zafin ne ke ƙaruwa kowace shekara, masu dokar suka bi shi."

"In bai kai shidan ba fa?"

"Ba za a rushe bango ba. Amma ƙungiyar da ta ba da kayan aiki za ta turo ɗan kwangila ya sauke rufin, ya sa irin nasu mai hawa-hawa da ke tare zafi. Sunansa kuma za a sa a allon."

Sauke rufin. Talatu ba ta ƙara jin sauran maganar ba. Ta tuna shatar yatsun nan huɗu, ta tuna yadda ake sauke soro: da diga ake yi.

Bayan kwana uku Injiniya ta dawo, ta haɗa na'urorin da wayarta, ta duba. Huɗu da rabi. Da a bara ne, da an wuce har da guɗa. Ta ce doka ta yarda a sake awo sau ɗaya, za ta dawo da na'urorin ranar Laraba mai zuwa.

Nan fa shawara ta ɓarke. Alhaji Yahuza ya ce a rataye jiƙaƙƙun buhuna a tagogi, ai ba wanda zai sani. Wata ta ce a yi ta yayyafa ruwa a daɓe. Tabita ta ce duk wahala ce, a tsoma 'yar banzar na'urar cikin randa kawai, ta ba su digiri ashirin su huta.

"Mama Tabita, tana jin danshi," in ji Injiniya. "Ta fi uwar miji sa ido."

"To ashe kun san irinmu kuka yi ta."

Kowa ya yi dariya ban da Talatu. Ta ce Malam bai yi ha'inci yana raye ba, ba kuwa za a sa masa suna a bango da ƙarya ba. In rufinsa bai isa ba, a sauke. Ta faɗa da ƙarfi kamar ba ta damu ba, ta juya gida.

Washegari da azahar tana kwance a ɗakinta bisa tabarma, zufa na bin wuyanta. Ɗakin nan Malam ne ya gina mata shekarar da ta haifi ɗanta na biyu, kuma duk unguwa an san shi. Matan maƙwabta kan kawo tsintar wake nan a bazara don su sha sanyi. Amma bana ɗakin ya zama wani iri. Tun da zafi ya shigo ba ta jin daɗinsa, ta ɗauka zaman takaba ne da nauyin zuciya, don an ce mai baƙin ciki ko a rijiya ya kwana zufa zai yi.

Sai ta ji motsi a sama. Wani jan gwada ne ke kokawa da tsumma a can ƙarƙashin rufi, yana ja, yana gyaɗa kai. Ya ja, ya ja, tsumman ya faɗo mata a ƙafa, wani siririn haske ya shigo.

Ta zauna tana kallon tsumman. Tsohon zanenta ne mai ruwan ganye. Ita ta cusa shi da hannunta.

A can saman bangon, dab da rufi, akwai ramuka biyar da Malam ya bari, kowanne hannu zai shiga. Shekara talatin suna faɗa a kansu. Ita ta ce ƙofar ƙadangaru ce, ga kashinsu kullum bisa jerenta. Da sanyi ya shigo sai ta hau turmi ta toshe su da tsummoki. Shi kuma da bazara ta kama, ba ya ce mata komai, sai ta dawo daga unguwa ta tarar da tsummokinta a ninke bisa gado, kamar wanki. In ta yi magana ya ce, "Talatu, zafi ɗan'uwan hayaƙi ne, sama shike nema. Ki ba shi ƙofa shi fita. In kin hana shi, shi zauna ku ci tuwo tare."

Bana babu wanda ya ninke mata tsummoki.

Ta yi kukanta mai isarta, ita kaɗai. Sannan ta jawo turmi, ta hau, ta zare sauran huɗun ɗaya bayan ɗaya. Ta sauko ta zauna a bakin gado. Ba a daɗe ba ta ji iska ta fara shigowa ta ƙofa tana bin ƙafafunta, a hankali, kamar mage. Ta sa hannu a wuyanta. Zufar ta fara bushewa.

Ko takalmi ba ta sa daidai ba ta fita. Ta biya ta ɗauki Tabita, suka zagaya zauren sau biyu suna ɗage kai. Gabas sumul. Yamma sumul. Ko ramin da zanzaro zai shiga babu.

Suka sami Rabo a bayan masallaci yana kwaɓa ƙasa. Ya ga Talatu ya durƙusa.

"Inna, barka da fita. Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki. Rabo, tsakaninka da Allah, da ka karɓi aikin nan, akwai ramuka a saman bango?"

"Akwai, Inna. Tara. Biyar gabas, huɗu yamma."

"Suna ina?"

Rabo ya miƙe ya gyara tsayuwa, har da ɗan alfahari. "Na toshe su tas. Ramukan dangwarama ne, inda aka soka itacen da ake takawa. Malam bai samu ya rufe ba Allah ya yi masa rasuwa. Na ce ba za a zo kallon aikinsa na ƙarshe a ga huji ba, a ce bai gama ba. Da hannuna na cike su, na bi da makuba sau biyu. Ko ni yanzu sai na lalaba."

Tabita ta tafa hannu. "Shekara ashirin kana bin mutum, ba ka san hancin ɗaki ba?"

"Wane hanci kuma?"

"Ka taɓa shiga ɗakina?" in ji Talatu.

"Haba Inna! Ni mi zai kai ni ɗakin matar maigidana?"

Gaskiyarsa ce. Kuma da suka bi maganar, sai ta fito fili. Duk shekarun nan mutane ɗakin kwano suke sa su ginawa, ko katanga, ko rumbu. Soro irin wannan Malam bai sake samun mai so ba tun Rabo yana ɗauko ruwa. Malam kuwa ba mai yawan bayani ba ne, zanensa ma a ƙasa yake yi da tsinke, ya share da ƙafa. Ita kuma Talatu, da za ta gani ta hana, tana cikin gida tana takaba.

Rabo ya cire hula ya riƙe. "Na ma yi mamaki," ya ce a hankali. "Na ga ramin a karkace, bakinsa na waje ya kalli ƙasa. Na ce ko hannun Malam ne ya fara rawa."

"Don kar ruwan sama ya shiga ne."

"Wayyo ni. Inna, na shaƙe masa gini."

"Ka shaƙe shi da ladabi," in ji Tabita. "Sai ka je ka buɗe shi da ladabi. Ɗauko tsani."

Alhaji Yahuza ya kira Injiniya a waya, ya sa a fili kowa na ji. Ta tambaya ko sabon abu za a ƙara. Talatu ta karɓi wayar ta riƙe ta nesa da kunne kamar za ta cije ta, ta ce ba ƙari ba ne, abin da mai ginin ya yi ne za a mayar. Injiniya ta ce in haka ne babu laifi, a dai ɗauki hoto kafin aikin da bayansa.

Gano ramukan ya ci yini guda, don Rabo ya iya yaɓe, ba a banza ya zauna da Malam ba. Yana bisa tsani yana ƙwanƙwasa bango da ƙotar cebur, mata na ƙasa kowace na ba da umarni. "Dama!" "Kai, hagu!" "Wannan ai ka wuce shi tun ɗazu!" Talatu ta koma gida ta auna na ɗakinta da igiyar guga: daga rufi zuwa rami taƙi ɗaya, tsakanin rami da rami kamu uku, amma kamun Malam, wanda ya fi na Rabo da yatsu biyu. Da aka bi wannan awon, bugu na biyu ƙota ta yi ƙara daban. Rabo ya sa ƙarfe ya ƙwaƙule, ƙasa ta zubo, wata iska mai zafi ta bugo masa fuska daga ciki har ya kau da kai.

"Allahu akbar! Inna, kamar an buɗe tukunya!"

Da aka buɗe taran duka, Talatu ta tsaya tana kallonsu, sai ta ga tsohuwar rigimarta ta dawo. Nan iri za a ajiye. Ƙadangare da ɓera da jemage duk an yi musu ƙofa.

"Kowa ta kawo tsohuwar rariyarta," ta ce.

Rariya goma sha huɗu aka tara, har da ta Tabita wadda ta ce tun aurenta take, a riƙe ta da mutunci. Rabo ya yanke ragar, ya dasa a bakin kowane rami, ya bi gefen da ƙasa. Iska na wucewa, ƙadangare ba ya wucewa. Talatu ta daɗe tana kallon na farkon. Shekara talatin, ita da Malam, ba wanda ya tuna da rariya. Ga ta nan rataye a madafa kullum tana kallonsu suna faɗa.

Laraba Injiniya ta rataye na'urorinta ta tafi. Alhaji Yahuza ya sa kujera a ƙofar zauren ya zauna da sanda, ya ce ko kuturu da garwashi bai isa ya gifta ba. Talatu ba ta je ba ko sau ɗaya. Ta zauna a ɗakinta tana tsintar wake, matan maƙwabta sun dawo, suna cewa ɗakin ya warke.

Asabar da hantsi aka taru ƙarƙashin darbejiya. Wannan karon ba kasko, kuloli kuma an ajiye su can nesa. Injiniya ta haɗa na'urorin da wayarta. Ta yi ta duban wayar, har Tabita ta kasa haƙuri.

"Ke 'yar nan, in mutuwa ce ki faɗa, mun saba."

Injiniya ta ɗago. "Ranar farko shida da ɗigo ɗaya. Ta biyu shida da ɗigo huɗu. Ta uku shida da ɗigo uku." Ta dubi Talatu. "Inna, rufin Baba ya zauna."

Tabita ce ta fara rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Rabo ya zauna a ƙasa daɓas ya rufe fuska da hula. Alhaji Yahuza ya shiga gaya wa na kusa da shi cewa shi dama tun farko ginin ƙasa ya so, aka bar shi ya faɗa, don ranar farin ciki ce.

Injiniya ta matso kusa da Talatu da takarda da biro. Ta ce akwai gurbin da ake rubuta dabarar da aka yi amfani da ita, kuma akwai wasu gine-gine biyu a Ƙanƙara da suka tsaya a biyar, tana so ta kai Rabo ya duba su. Ta tambayi yadda za a rubuta sunan a allon.

"Malam Mani Magini," in ji Talatu. Wannan ne karo na farko da ta faɗi sunan da bakinta a gaban mutane. "Ki sa Rabo a ƙasa, da ƙananan baƙi."

"Rariyar fa?" in ji Tabita. "Tawa ce ta uku daga gabas."

"Ke sai a sa ki a bayan allon."

Da aka buɗe kuloli kowa ya duƙufa, Talatu ta sulale ta shiga zauren. Ba kowa. Sanyi kamar bakin randa, haske tara na saukowa daga sama a karkace. Ta je gindin bakan gabas, ta yi ɗage, ta sa yatsunta cikin shatar nan huɗu. Nata sun yi ƙanana.

A rami na biyu wani jan gwada ya leƙo, ya dungure ragar da baki, ya gyaɗa kai, ya sake dungura.

"To Malam," ta ce a hankali, "ka ci taka, na ci tawa."

Daga waje Tabita na ƙwala mata kira, wai ta zo kafin Alhaji Yahuza ya gama da naman.